Kushewar Waziri, Ɗakin Masaƙi

Duk wanda ya taɓa bin hanyar mota daga Tsafe zuwa Gusau ya ga Dutsen Kwatarkwashi. Tun daga nesa yake tsaya wa matafiyi a gaba, baƙi ƙirin, sulɓi gare shi kamar an shafe shi da mai, ga garin kwance a gindinsa. A wani ƙauye kusa da wannan dutse aka haife ni, a ƙasar da yanzu ke cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Abin da zan ba ku labari ya faro daga gindin dutsen nan, ya kai ni har ƙasar Masar, sa'an nan ya komo da ni gida. Akwai laifina a ciki, ba kuwa zan ɓoye shi ba.

Wata rana da damina, ina yaro ɗan shekara goma, muna dawowa daga gona ni da kakana, sai hadari ya taso daga gabas. Kafin mu kai gida ruwa ya goce. Kakana ya kama hannuna, muka hau ta wata 'yar hanya tsakanin duwatsu, muka shiga wani kogo. A ciki muka tarad da wani yaro makiyayi da awakinsa, su ma sun fake. Da idona ya saba da duhu sai na ga rufin kogon ya yi baƙi da hayaƙi, ƙasa kuwa cike take da tsingaro. A bakin kogon ga wasu gurabu a jikin dutse, sumul sumul, ruwa ya taru a cikinsu.

Na ce, "Kaka, wa ya fasa tukwane a nan?"

Ya ce, "Mutanen da. A nan bisa suka zauna, don tsoron mahara. Waɗannan gurabu da ka gani, nan matansu ke niƙa."

Na ce, "Su wane ne? Yaya sunansu?"

Tsoho ya yi shiru, ya dubi ruwa. Can ya ce, "Ni ma na tambayi kakana, bai sani ba."

Ran nan ya ba ni labaru da yawa kafin ruwa ya ɗauke. Ya gaya mini yadda mutanen da ke tsoron Magiro, da yadda samari ke hawan dutsen su kamo maiki ran biki. Ya kuma ce yana yaro ƙarami ya ji ƙarar bindigogin Nasara ran da aka kashe Wazirin Kano. Na saurara kamar yadda yaro ke sauraron tatsuniya. Ban riƙe ko rabin abin da ya faɗa ba, shi kuwa ya rasu ba a rubuta ko kalma guda daga bakinsa ba.

Ni ban shiga makarantar boko ina yaro ba. Sai da na yi aure, har da 'ya'ya uku, sa'an nan na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gusau, kamar yadda ku ma kuka yi. Na iya karatu, na iya rubuta wasiƙa, na iya lissafin auduga da gyaɗa. A ganina na gama.

To, a cikin shekarun 1990 wani abu ya auku a ƙasarmu. Baƙi suka riƙa zuwa suna neman mutum-mutumin yumɓu waɗanda ake samu binne a ƙasa. Da mutane suka ji ana ba da kuɗi, sai aka bazama da diga da shebur, aka yi ta tona a kewayen Kwatarkwashi, har wani wuri ka ce gyare ne ya yi ɓarna. Ni ban yi tono ba. Amma wata shekara ina huɗa, garma ta turo wani kan mutum na yumɓu, girmansa kamar ƙaramar ƙwarya, da gemu, da gira mai nauyi, yana kallon ƙasa kamar mai tunani. Na kai shi gida na ajiye a bayan rumbu. Bayan kwana kaɗan wani dillali ya ji labari, ya zo, ya ba ni abin da ya saya mini taki buhu biyu. Na yi murna, har ina ganin na cuce shi. Ban rubuta ranar ba, ban auna wurin ba, ban gaya wa kowa ba. Rashin sani, in ji masu magana, ya fi dare duhu.

Ana nan, Allah Ya sa ɗana na biyu ya sami karatu a Azhar, a birnin Alƙahira. A 2009, da ya kusa gamawa, ya matsa mini in zo in ga wurin. Na je. Da ya sami hutu sai ya ce, "Baba, kowa ya zo Masar dala yake zuwa gani, watau manyan gine-ginen nan na Fir'aunoni. Ni ina so in kai ka kudu, ka ga kushewun hakimai da waziransu." Muka shiga jirgin ƙasa, muka bi gefen Kogin Nilu.

Wurin da muka fara sauka shi ne Bani Hasan, kusa da garin Minya, kimanin mil 150 kudu da Alƙahira. Ƙasar Masar, in kana so ka gane ta, ka ɗauka fadama ce guda ɗaya doguwa, kogi a tsakiya, gonaki kore shar dama da hagu, daga nan sai tsauni da hamada. Mutanen da ba su yarda su ɓata ƙasar noma da kushewa ba, ga shi kuma kogi na yin ambaliya kowace shekara. Saboda haka suka kai matattunsu tudu. A Bani Hasan, a gabashin kogi, mutum zai hau matakala mai tsawo, sai ya ga ƙofofi a jere a jikin tsauni, har 39. Waɗannan kushewun hakiman lardin ne da manyan gidansu, waɗanda suka yi zamani shekara wajen 4,000 da suka wuce. Ƙasa da su, a kan gangare, akwai ramukan kushewa kusan 900 na ƙananan ma'aikata. Ko a mutuwa ma, babba na bisa, yaransa na ƙasa.

Kada mai karatu ya zaci kogo ne irin namu, wanda Allah Ya halitta. Mutane ne suka sassaƙe dutsen da hannu, da guduma ta dutse da 'yan ƙarafa na jan ƙarfe, gama a lokacin ba su da baƙin ƙarfe. Dutsensu fari ne, bai kai namu tauri ba, amma duk da haka aikin shekaru ne. Za ka shiga ka ga zaure mai faɗi, ya fi zauren hakimi na ƙasarmu, da ginshiƙai waɗanda ba ɗora su aka yi ba, barinsu aka yi a tsaye sa'ad da ake cire dutsen da ke kewaye da su. A daɓen zauren akwai rami kamar rijiya, can ƙarƙashi ake sa gawa cikin akwati tare da kayanta, a toshe. Zauren na bisa kuwa na masu rai ne, nan dangi ke zuwa da abinci da abin sha, su ambaci sunan mamacin. A addininsu na wancan zamani, muddin ana ambaton sunan mutum, to, bai ƙare ba. Don haka hakimi yakan fara sassaƙa kushewarsa tun yana kan gadon mulki, ya yanka gonaki ya ba masu hidima, don su da 'ya'yansu su riƙa kula da ita har abada.

Bangon kuwa duk zane ne, launinsa bai gushe ba. Kai! Na ga manoma suna huɗa da shanu, na ga mata suna kaɗi da saƙa, ga maƙera, ga magina tukwane, ga masunta, ga malamai zaune suna ƙidaya hatsin da ake zubawa a rumbu. A wani zaure an zana 'yan kokawa bibbiyu, fiye da kamu 200, ɗaya ja ɗaya baƙi don a rarrabe hannun wannan da ƙafar wancan. Na tsaya ina nuna wa ɗana, ina cewa wannan kamu ai na san shi, da shi ake kā da mutum a dandalinmu bayan girbi.

Wani hakimi mai suna Amenemhat ya sa an rubuta a ƙofarsa cewa da aka yi shekarun yunwa ya sa an nome lardinsa kaf, ba wanda ya kwana da yunwa, bai kuma fifita mai miji bisa gwauruwa ba wajen rabo. Ko gaskiya ne, ko yabon kai ne irin na masu mulki, Allah Ya sani. Amma mun dai ji abin da mutanen wancan zamani ke so a ce hakimi ya yi. Wani kuma, Kunumhotef na Biyu, ya sa an zana ayarin baƙi daga gabas, da jakunansu da matansu da 'ya'yansu, an rubuta cewa su 37 ne, sun kawo tozali. Shi wannan hakimi akwai maganarsa guda da ta tsaya mini a rai. A cikin tarihinsa da aka rubuta a gindin bango ya ce ya tarad da sunayen kakanninsa sun goge a kan ƙofofinsu, sai ya sa aka sabunta su yadda za su karantu, ba a sa sunan wani a gurbin wani ba. Da ɗana ya fassara mini wannan daga bakin mai yi mana jagora, sai na tuna da kakana a bakin kogo, yana kallon ruwa.

Amma ina gawar Kunumhotef? Babu. Ina dukiyar da aka binne shi da ita? Babu. Ginshiƙan cikin zaurensa ma an sare su. Masu hidimar da aka yanka wa gonaki don su kula da wurin har abada, zuriyarsu ta watse tun shekaru dubbai.

Daga nan muka wuce can ƙarshen kudu, zuwa Aswan, inda iyakar Masar take a zamanin da. A hayin kogi, ta yamma, akwai wani tudu mai yashi wanda ake kira Ƙubbatul Hawa, watau ƙubbar iska. A jikinsa aka sassaƙa kushewun masu tsaron iyaka. Wanda ya fi burge ni a cikinsu shi ne Harkuf, domin da a ƙasar Hausa yake da madugu za mu kira shi. Ya yi zamani fiye da shekara 4,200 da suka wuce. Sau huɗu yana jan ayari zuwa wata ƙasa ta kudu da suke kira Yam. Tafiyar fari ta ci wata bakwai, ta biyu wata takwas. A ta uku ya komo da jakuna 300 ɗauke da turare, da baƙin katako, da fatun damisa, da hauren giwa. A ta huɗu ya zo da wani wada mai rawa. Sarkin lokacin, Fefi na Biyu, yaro ne ƙarami. Da ya ji labari sai ya aika wa Harkuf da takarda, yana cewa a gaggauto da wadan nan, a sa amintattu su tsare shi cikin jirgi kada ya faɗa ruwa, da dare kuma a riƙa duba shi har sau goma, gama ya fi son ganinsa bisa dukan kayan da aka kawo. Harkuf ya ji daɗin takardar nan har ya sa aka sassaƙa ta a jikin dutse, a bakin kushewarsa. Takardar ta ruɓe tun tuni, amma ga zumuɗin yaron nan har yau ana karantawa.

A wannan tudu na fara ganin abin da ya sa na rubuta wannan bayani. Bayan addinin Fir'aunoni ya shuɗe, mutanen Masar suka zama Kirista, su ne ake kira Ƙibɗawa. A cikinsu akwai masu gudun duniya, waɗanda ke barin gari su koma hamada don ibada. Da suka ga ɗakuna a sassaƙe, da sanyi da rani, da ɗumi da hunturu, ba mai su, sai suka shiga. Suka shafe wani bango da farar ƙasa, suka yi nasu zanen, suka mai da wata kushewa wurin ibadarsu. Bayan su kuma Musulunci ya zo, aka gina ƙubbar wani shehi a ƙwanƙolin tudun, ita ce ma ta ba wurin sunan da ake kiransa da shi yanzu. Tudu guda, al'umma uku, kowace ta zo ta tarad da aikin ta gabanta, ta yi abin da ya dace da bukatarta.

A kan hanyarmu ta komowa muka tsaya a Luksor, muka ƙetare kogi zuwa wani tsauni da ake kira Ƙurna. A nan kushewun manyan ma'aikata sun kai ɗaruruwa, tsaunin duk huji ne kamar saƙar zuma. A cikinsu akwai ta wani waziri, Amenemofe, wanda ya yi wa Sarki Amenhotef na Biyu aiki wajen shekara 1,400 kafin haihuwar Annabi Isa. A zamaninsa, in ka cire sarki, ba wanda ya fi shi a ƙasar. Bayan fiye da shekara 2,000, watau bayan shekara ta 700 ta Miladiyya, wani Baƙibɗe mai gudun duniya, ana ce da shi Faranje, ya zo ya tare a wurin. Ya kafa masaƙarsa a farfajiyar waziri, yana saƙa, yana kwafar littattafai yana ɗinke su. Takarda na da tsada, saboda haka a kan tsingaro da ɓallin dutse yake rubuta wasiƙunsa. Da masu binciken tarihi daga ƙasar Beljiyam suka share wurin, daga 1999 zuwa gaba, suka sami irin waɗannan rubuce-rubuce wajen 800. A ciki yana gaishe da 'yan'uwa, yana roƙon a aiko masa da mai ko zare, yana ƙorafi in an yi masa jinkiri. Ka ji ikon Allah: yau masana sun fi sanin halin masaƙin nan matalauci bisa halin wazirin da aka sassaƙa wa dutsen. Waziri ya bar zaure, masaƙi ya bar magana.

Ba masu ibada kaɗai suka shiga kushewun nan ba. Ɓarayi sun riga su. Akwai takardun shari'a na zamanin Sarki Ramsis na Tara, wajen shekara 1,100 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka rubuta yadda wani magini ya amsa cewa shi da abokansa sun fasa kushewa, sun cinna wa akwatunan gawa wuta, sun kwashe zinariya, da aka kama shi kuma ya ba wani magatakarda rabonsa aka sake shi. Daga baya talakawa manoma suka zo suka zauna a tsaunin Ƙurna, suka gina ɗakunan ƙasa a bakin kushewu, suka mai da wani zaure ɗakin kwana, wani rumbu, wani turken jaki. Hayaƙin murhunsu ya baƙanta zane da yawa. Da Turawa suka fara sayen kayan da, wasunsu suka shiga tono suna sayarwa. Wajen 1946 hukuma ta sa wani gwanin gini, Hasan Fatahi, ya gina musu sabon ƙauye na tubalin ƙasa a cikin fadama, amma yawancinsu suka ƙi tashi. Sai a ƙarshen 2006 aka fara tashinsu gaba ɗaya, aka mai da su sababbin gidaje, aka rushe na kan tsaunin. Sa'ad da muka je, ɓaraguzan na nan. Wani dattijo mai sayar da shayi ya nuna mana wani fili da hannu, ya ce a nan aka haife shi. Na ga idonsa, na san ba kushewar waziri yake gani ba, gidan ubansa yake gani.

A cikin jirgi, muna komowa Alƙahira, na kasa barci. Na yi ta jujjuya abin a raina. Ga mutane sun fi kowa dabara da dukiya, sun zaɓi dutse don ya dawwama, sun toshe ramuka, sun ɗauki masu tsaro. Duk da haka gawa ta tafi, zinariya ta tafi, ɗakin ya zama na mai ibada, ya zama na masaƙi, ya zama na jaki. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Abin da ya saura shi ne abin da aka rubuta. Shi ma rubutun, sai da ya yi fiye da shekara 1,000 ba mai iya karanta shi, mutane na kwana a gindinsa suna zaton ado ne ko tsafi, har 1822, sa'ad da wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya gano mabuɗinsa. Ashe abu biyu ke raya sunan mutanen da: wanda ya rubuta, da wanda ya iya karantawa.

Na kuma lura ba dukan masu shiga wurin mutanen da ne masu laifi ɗaya ba. Makiyayin da ya fake da awakinsa, da masaƙin da ya kafa masaƙa, da manomin da ya rasa wurin kwana, bukata ce ta kai su, kuma sun ƙara nasu labarin a kan na farko. Wanda ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa shi ne wanda ya cire abu daga mazauninsa ya sayar, ba wanda ya san inda aka samo shi, ko me ke kusa da shi, ko zurfin da yake. Irin wannan abu ya zama kamar shafi guda da aka yage daga littafi. A nan ne kan yumɓun nan ya faɗo mini a rai. Masana suna tsammanin waɗansu daga cikin irinsa sun kai shekara 2,000. Mai yiwuwa shi kaɗai ne saƙon da mutanen da kakana bai san sunansu ba suka bar mana, ni kuwa na musanya shi da taki buhu biyu, wanda damina ɗaya ta cinye. Daga baya na ji cewa tun 1979 akwai dokar ƙasa da ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su waje ba da izni ba, har a shekara ta 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa irinsu cikin jerin kayan Afirka da ake sacewa. Da na sani ƙeya ce.

Kada wani ya ce ina kiran mutane su sassaƙa kushewa ko su yi gini a kan kabari. Mu Musulmi ne, likkafani da ƙasa sun ishe mu, sarki da talaka ɗaya. Abin da nake cewa shi ne, tun da mu ba mu barin zauren dutse, to, bukatarmu ga rubutu ta fi ta Masarawa.

Ku duba abin da ke kewaye da mu. A watan Fabrairu na 1903, bayan Turawa sun ci Kano, Waziri Ahmadu, yayan Sarkin Kano Alu, ya gamu da sojan Turawa a kusa da Kwatarkwashi, ya ƙi juyawa, aka kashe shi tare da jama'a da yawa. Shi ake kira Mai Shahada. Na tambayi samari goma a tashar mota ko sun san wannan, ɗaya kaɗai ya taɓa ji. Ga 'Yandoto kusa da Tsafe, garin malamai tun kafin jihadi, wanda ɗalibai ke zuwa daga nesa. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin, malamansa suka watse. Har yau sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta, amma mutum nawa ne za su iya lissafa maka malaman garin? Gusau kanta, wadda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, ga ta ta zama babban birnin jiha tun 1996, gini na cin tsofaffin wurare kullum.

In kuna son ganin amfanin tono na ilmi, ku dubi Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani ta Katsina, inda tuddan kushewun sarakunan Durɓawa suke. Mu ma muna da hannu a labarin, gama masu tarihin baka sun ce Korau, wanda ya kā da Sanau a kokawa ya karɓe sarauta, daga 'Yandoto ya fito. An tona wurin a 1907, aka kuma tonawa a 1992. A tono na biyu an lura da mazaunin kowane abu, aka kai kayan ƙasar Jamus aka gyara, aka komo da su Nijeriya a 2014. An sami zinariya, da warwaron hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da tasa irin ta ƙasashen gabas. Da haka aka tabbata cewa shekara 600 ko 700 da suka wuce ƙasar Hausa na ciniki da nesa. Da dillalai ne suka riga zuwa, da yanzu kayan na cikin ɗakin wani attajiri a Turai, mu kuwa ba mu san kome ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan gaggawa. Tun wajen 2011 ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zamfara, ƙauyuka da yawa a ƙasashen Tsafe da Bungudu da Gusau suka tashi, mutane suka kwararo cikin gari. Ƙauyen da aka haife ni yana cikinsu. Ga sababbin kufai muna gani da idonmu. Tsofaffin da suka san iyakar gonaki, da inda makabarta take, da wanda ya haƙa rijiya, suna mutuwa ɗaya ɗaya a gidajen haya. In Allah Ya kawo lafiya aka koma, ko kuwa waɗansu suka zo suka zauna a wurin, wa zai gaya musu su wane ne suka riga su? Nan gaba wani yaro zai tsinci tsingaro a kufanmu ya tambayi kakansa, kakan ya yi shiru.

Saboda haka ga abin da na yi, ina kuma roƙonku ku yi. Na sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Nakan je wurin tsoho ko tsohuwa da goro, in gaishe su, in zauna. In rubuta ranar, da sunan mai ba da labari, da shekarunsa, da wanda ya ji a bakinsa. In tambayi sunan wanda ya kafa ƙauye, da inda ya fito, da jerin masu gari, da shekarun yunwa, da sunayen fadamu da duwatsu da itatuwan da ake kwatance da su. Abin da ya faɗa shi nake rubutawa, ko da na ji wani ya faɗi dabam, sai in rubuta duka biyu, kowanne da sunan mai shi. Ba na gyara labari don ya yi daɗi, ba na kuma sa sunan wani a gurbin wani. In na gama sai in sa jikana ya kwafe, a ajiye ɗaya a wani gida, don gobara da gara. Yanzu littafi na huɗu nake ciki. In kuwa garma ta turo muku wani abu na mutanen da, ku bar shi a inda yake in da hali, ku rubuta wurin da ranar, ku gaya wa mai gari, a sanad da hukumar kula da kayan tarihi.

Aikin nan ba ya bukatar babban ilmi. Faranje ba waziri ba ne, tsingaro ne takardarsa. Ku kuwa kuna da takarda, kuna da alƙalami, kun kuma sha wahalar koyon baƙaƙe da girmanku. A shafin farko na littafina na fari na rubuta sunan kakana, da sunan ubansa, da ɗan abin da na iya tunawa daga maganarsa ta ranar ruwan nan. A shafi na biyu na rubuta labarin kan yumɓu, da kamanninsa, da gonar da ya fito, da abin da na yi da shi, don in wani ya gan shi wata rana a wata ƙasa, a san daga gindin Dutsen Kwatarkwashi yake. Allah Ya gafarta wa magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.